Sauka daga keken da ba ya firi: ta ina mai koyo zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura nake zaune. Na sayi keke na gwanjo, irin wanda ba ya firi, da ake ce wa fiksi. Ina ganin mutane a bidiyo suna sauka ta baya, keken ya wuce ta tsakanin ƙafafunsu su cafke sirdi, wasu kuma su tsallakar da ƙafa ta saman hannun keke. Na gwada, feda ta doke ni a ƙwauri, wani karon kuma sirdi ya riƙe rigata na zube. Ta ina zan fara? Sannan abokaina sun ce in cire birkin gaba, wai keken ya fi kyau haka.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da ƙwauri. Abin da ya same ka shi ke samun kusan duk wanda ya taso a kan Phoenix ko Raleigh ya koma fiksi. Jikinka ne ya riƙe wata ɗabi'a tun kana yaro. A keken da muka saba, in za ka sauka sai ka daina murza feda, ka miƙe a kan ta hagu, ka ɗago ƙafar dama ta bayan sirdi, keken na gangarawa da kai har ka dire. Firiwil ne ya ba ka wannan damar, taya na juyawa feda na tsaye. A fiksi kuwa haƙoran baya a ɗaure suke da cibiyar taya kai tsaye. Muddin taya na motsi, sarƙa na motsi, feda na motsi, ko kana so ko ba ka so. Ka leƙa shagon tela mai keken ɗinki na ƙafa ka gani: da zarar babban wilin ya ɗauki gudu, matakin zai ci gaba da hawa da sauka da ƙafar telan a kai, in yana so ya tsaya sai dai ya danne, in ya danne a lokacin da bai dace ba ya juya masa da baya. Haka naka yake.

Abin da ido ba ya kamawa a bidiyon shi ne mutanen nan ba tsalle suke yi ba. Ka bi feda ɗaya da ido: daga sama ta yi gaba, ta sauka ƙasa, ta koma baya, ta sake hawa. Lokacin da take tasowa ta baya tana da ƙarfin ɗaga mutum sukutum, domin nauyinka da na keken da ke tafiya gaba ne ke tura ta. Wanda bai san da wannan ba, ita ce ke wurgi da shi. Wanda ya sani sai ya miƙe ƙafa a kanta, ta ɗaga shi daga sirdi, ya bar keken ya fita daga ƙarƙashinsa. Kusan duk salon da ka gani a kan wannan ɗagawa aka gina shi. Saboda haka aikinka biyu ne: ka san inda fedarka take ba tare da ka kalle ta ba, kuma ka rage gudu har lokacin ya ishe ka.

Amma kafin mu je can, juya keken ka duba bayansa, ko ka kai wa mai gyara. Kayan gwanjo ba ka san hannun da ya bi ba. A fiksi na gaskiya haƙoran baya suna shiga ta dama kamar kowane noti, sannan a bi su da wani siririn zobe mai tsaga-tsaga a gefe, shi kuma ta hagu ake ɗaure shi. Hikimar ita ce, duk sanda ka danne feda da baya haƙoran na neman kwancewa, to wannan neman kwancewar ƙara matse zoben take yi. In babu zoben, ranar da ka taka da ƙarfi don ka tsaya haƙoran za su warware, feda ta tafi ba abin da ke riƙe ta, kai kuma da ita ka dogara. Sauka ta baya kuwa dukkan nauyinka kake ɗora wa feda, kuma ta ɓangaren da ke kwance haƙoran. Akwai samari a garin nan da ke kai keke wajen mai walda ya liƙe firiwil don ya daina firi, su ce sun yi fiksi. Ba na goyon bayan wannan ko kaɗan. Walda ta hana shi firi, gaskiya ne, amma shi kansa firiwil ɗin ta dama aka ɗaura shi, babu abin da ya kulle shi. In kuma aka liƙe shi da cibiyar gaba ɗaya, ranar da haƙori ya cinye sai dai ka nemi wani wili. In naka irin wannan ne, ka tsaya nan, kada ka koyi komai a kansa.

Sai sarƙa. Kada ta yi sako-sako, kada kuma ta yi tamau. Kama tsakiyarta ka motsa sama da ƙasa, wasan da za ta yi ya tsaya wajen santimita 1. Ka riƙa juya feda a hankali kana gwadawa, don farantin gaba ba ya cika zama daidai ba, akwai inda sarƙar ta fi matsewa, kuma da wurin ake aunawa. In ta faɗi kana tafiya, ko dai ƙafarka ta rasa iko da taya, ko sarƙar ta cushe ta kulle tayar nan take. Notocin baya sifana mai lamba 15 ke ɗaure su, ka mallaki taka. Kuma don Allah kada ka taɓa goge sarƙa da tsumma taya na juyawa. Nauyin tayar zai ja tsumman cikin haƙori har da yatsan da ke riƙe da shi, mutane sun rasa kan yatsa ta haka. Baƙin man da ake zuba wa sarƙa a bakin titi ma ka rage shi, musamman da hunturu, don ƙura yake kamawa ya zama abin da ke cin haƙora. Ɗan mai mai tsabta, a goge saura, ya wadatar.

Yanzu bari in nuna maka da lissafi dalilin da ya sa nake ta maganar gudu. Yawancin kekunan nan suna zuwa da haƙora 46 ko 48 a gaba, 16 ko 17 a baya. Ƙirga naka. Mu ɗauki 46 da 16. Feda ta zagaya sau ɗaya, taya ta yi kusan sau uku, tayar kuma mai lamba 700 tana cin kimanin mita 2.1 a kowane juyi, wato mita 6 ke nan a zagaye ɗaya na feda. In kana tafiya daidai da mai tafiya a ƙasa, kilomita 5 a awa, feda na ɗaukar sama da daƙiƙa 4 kafin ta kammala zagaye. Kashi ɗaya cikin huɗu na zagayen ne lokacin saukarka, ka ga kana da daƙiƙa guda cur. In kana kilomita 20 a awa, wanda ba wani gudu ba ne a kwalta, zagayen duka daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ne, lokacin saukarka ya koma rubu'in daƙiƙa. Ko ka dace da lokacin ma, ƙafarka za ta taɓa ƙasa jikinka na tafiya mita 5 da rabi a daƙiƙa, sai dai ka dire cikin gudu sosai ko ka kifa. Ina kyautata zaton da gudu ka gwada.

Kada bidiyo ya ruɗe ka kuma. Masu wasan keke na cikin zaure a Jamus, waɗanda ke tsayawa a kan sirdi suna juyi, haƙoransu na gaba da na baya kusan girmansu ɗaya, feda ta zagaya sau ɗaya taya ta zagaya sau ɗaya, ga daɓe sumul. Keken irin naka asalinsa na tsere ne a fili mai gangare, kamar wanda ke filin wasa na ƙasa a Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003, ko na tseren keirin da Japan ta fara a 1948. Masu kai saƙo a birane irin su New York ne suka yi fice wajen fito da shi titi. An yi shi ne don gudu, giyarsa na da nauyi, kuma masu bidiyon titi ba sa nuna maka faɗuwar da suka yanke. In ka samu haƙoran baya 18 ko 19 ka sa, komai zai zo maka da sauƙi.

Makonnin farko ka manta da sauka, ka koyi tafiya a hankali. Ka samu aboki yana tafiya a ƙasa, ka jera da shi kuna hira, kada ka wuce shi, kada ka sa ƙafa a ƙasa. Ka ajiye duwatsu biyu da tazarar taku shida ko bakwai ka riƙa zagaya su kana saƙawa tsakaninsu. A nan za ka gano cewa a kwana mai tsanani kan takalminka na iya taɓa tayar gaba, kuma feda na iya kartar ƙasa in ka kwanta da yawa, tunda ba ka da ikon tsayar da ita a sama. Gara ka san wannan a hankali. Sannan ka riƙa cewa "ƙasa" a bakinka duk lokacin da fedar dama ta kai ƙasa, idonka na kallon gaba. Abin kamar wasan yara, amma shi ne rabin aikin.

Daga nan sai tsayuwa wuri ɗaya ba sa ƙafa. Ka kawo fedoji su daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya, ƙafarka mai ƙarfi a gaba. Ka miƙe daga sirdi, ka karkata tayar gaba zuwa ɓangaren ƙafar da ke gaba, ka riƙa ɗan dannawa gaba, ɗan dannawa baya, keken na lilo kaɗan-kaɗan. Wuri mai ɗan tudu ya fi sauƙi. Kada ka kalli taya, ka kafa ido a kan wani abu can gaba. Wanda zai iya tsayawa haka rabin minti ya riga ya san nauyin fedarsa ta kowace fuska, sauka ba za ta ba shi wahala ba.

Maganar rigarka. Sirdi bai yi laifi ba, kaftani ne bai dace da wannan aikin ba. Sauka ta baya dole sirdi ya wuce ta ƙarƙashinka, duk abin da ke reto zai kama. Ka sa 'yar riga wadda ta tsaya a ƙugu. Ƙafar wando ta dama ka cusa a safa ko ka ɗaure da roba, igiyar takalmi ka tura ciki, domin abin da sarƙar fiksi ta kama ba ta saki, za ta ci gaba da naɗewa har ta ja ƙafarka. Silifas kuma a bar su a gida, ka sa kambas. Abin kare ƙwauri na 'yan ƙwallo ba shi da tsada, kuma ka riga ka san amfaninsa. Hular kwano ma ka sa, ko abokai za su yi dariya. A jikin keken ka cire kariyar ɗaukar kaya da murfin tayar baya in akwai, ka sauke sirdi santimita 2 ko 3, ka kwance maɗaurin ƙafa daga fedoji har ka gama koyo. In za ka fita titi ka mayar da shi.

Wuri kuma ka nemi fako, ƙasa mai tauri da ba duwatsu, kamar filin ƙwallon makaranta bayan an tashi, in masu wurin sun yarje maka. Ka san halin ƙasar Katsina, rairayi ne a yawancin lunguna, tayarka kuma siririya ce, milimita 25 ko 28, tana shiga yashi za ta nutse ta karkace. Kwaltar wajen Ƙofar Ƙaura kuwa kada ma ka soma, tsakanin masu Napep da 'yan acaɓa babu wanda ya san kana koyon wani abu, kuma a wannan salon keke kan kuɓuce ya tafi shi kaɗai. Ka bi filin da ƙafa tukuna ka duba tsidau, in ba haka ba kullum kana wajen mai faci. Da bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ka fita bayan asuba ko bayan la'asar.

To, sauka ta baya. Fara gwadawa keken na tsaye. Ka tsaya a bayansa, tayar baya a tsakanin ƙafafunka, hannunka a kan sirdi. Tsayin tayar kusan santimita 67 ne, ka tabbatar tana wucewa ba ta taɓa matsematsinka ba, ka kuma lura da yadda sai ka ware ƙafa kafin notocin gefe su wuce. Sannan ka sa abokinka ya riƙe hannun keken ta gaba, ka zauna a sirdi, ka sauke ƙafafu daga feda, ka dafa hancin sirdi, ka tura kanka baya ka dire. Ka maimaita har jikinka ya daina jin tsoron barin sirdi ta wannan hanyar.

Sai a yi shi ana tafiya. Gudun mai tafiya a ƙasa, ko ɗan sama da haka kaɗan. Mu ce dama ce ƙafarka mai ƙarfi. Tun fedar dama na gangarowa ta gaba ka ɗauke hannun dama daga hannun keke ka dafa hancin sirdi a tsakanin cinyoyinka, hagu na riƙe da hanya. Fedar na kaiwa ƙasa ƙafarka ta riga ta miƙe, to ka bar ta a miƙe, kada ka lanƙwasa gwiwa yadda ka saba. Za ka ji abu biyu lokaci guda: keken ya ɗan ja baya saboda nauyin da ka ɗora, kai kuma an ɗaga ka daga sirdi. A daidai nan ka sauke ƙafar hagu daga fedarta ka ware ta gefe, ka saki hannun keke, ka tura sirdin gaba da hannun da ke kansa. Kafin fedar dama ta kai rabin hawanta ka zare ƙafar ita ma. Keken zai wuce, ka dire a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a sake, ka yi taku ɗaya ko biyu gaba don ka cinye sauran gudun, hannunka ya zame daga hancin sirdi zuwa bayansa ya riƙe. Da farko kada ka damu da cafkewar. Abokinka ya tsaya gaba ya tare keken, kai dai ka dire a tsaye. In direwar ta zauna, hannu zai koyi nasa.

Kurakuran da nake gani ba su da yawa, kuma kowane yana da alamarsa. In feda ta doki ƙwauri ko ƙafarka ta baya, ba ka ware ƙafa sosai ba, ko ka dire kusa da keken maimakon ka tura shi ya yi gaba. In ka ji an cilla ka sama kana neman kifawa kan hannun keke, ka daɗe a kan fedar har ta kusa sama, ko gudun ya yi yawa. In keken ya tsaya cak ka faɗi gefe, gudun ya yi kaɗan, bai isa ya ɗaga ka ba, nauyinka ya kashe shi. In taya ta goge ka a cinya, tsoro ne ya sa ka haɗe ƙafa a iska. Wanda ya fi yawa shi ne shakka: mutum ya fara, ya zo tsakiya ya canza shawara, ya nemi komawa sirdi. Sirdin ya riga ya tafi, abin da zai tarar taya ce. In ka ji lokacin bai yi maka ba tun farko, kada ka fara, bar fedar ta sake zagayowa, mita 6 ne kawai. In kuwa ka saki hannun keke, to ka ƙarasa.

Saukar gefe irin wadda ka saba da ita tana yiwuwa, sai dai a sake mata lokaci. Ka miƙe a kan fedar hagu tana tasowa, ita za ta ɗaga ka sama da sirdi, a nan ka kewayo da ƙafar dama ta baya. Sai ka bi fedar ta haye sama ta gangaro da kai, gwiwar hagu na lanƙwashewa tana miƙewa, hannuwa biyu na ɗauke da wani kaso na nauyinka. Tana kaiwa ƙasa ka sa ƙafar dama a bayan ta hagu ka taka, ka zare hagun. In ka makara za ta sake ɗaga ka wani zagaye. A ganina wannan ta fi ta baya amfani a yau da kullum, don keken na hannunka daga farko har ƙarshe, za ka iya yin ta a ƙofar gida ko a bakin kasuwa ba ka tsorata kowa ba.

Tsallakar da ƙafa ta saman hannun keke kuwa, ta fi kyau a ido fiye da wahalarta. Nauyinka na kan sirdi, ƙafar hagu na bin fedarta. Ka ɗan kwanta baya, ka ɗago ƙafar dama ta gaba, ka saki hannun dama ta wuce, ka mayar da shi, ka saki na hagu ta wuce, ka mayar. Yanzu kana zaune a karkace, ƙafafu biyu a hagu. Ka jira fedar hagu ta gangaro, ka zame ka taka ƙasa. Sirrin duka a musayar hannun yake, kada a samu lokacin da hannuwa biyu suka saki tare. Ka koye ta a tsaye kana jingine da bango, ƙafar hagu a ƙasa. Hannun keke gajere kuma miƙaƙƙe ya fi sauƙi a kan mai lanƙwasa irin na 'yan tsere, kuma ka duba wayar birki, in ta yi baka a gaba za ta kama dunduniyarka, a rage tsawonta ko a ɗaure ta. Wanda jijiyar bayan cinyarsa ke a ɗaure ya fara da miƙe jiki, in ba haka ba ƙafar ba za ta kai ba.

Akwai kuma wadda ake ɗaga tayar gaba: ka ja jiki baya, ka taka da ƙarfi fedarka na barin sama, ka ja hannun keke, gaban ya tashi, ka sauke ƙafafu ka dire a baya kana riƙe da keken a tsaye kan tayar baya. Sai ka ƙware a ta baya za ka taɓa ta, kuma ka tuna fedoji na nan suna juyawa daidai ƙwaurinka. Ita kuwa wadda ake tsallake hannun keke gaba ɗaya a dire a gabansa, ba zan koya maka ita a rubuce ba. Ƙafa ɗaya ta maƙale, da hannu za ka tari ƙasa, kuma karayar da ta fi samun masu keke ke nan, wuyan hannu da ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa. Ga keken na biyo ka ta baya.

Birki kuma, kada ka cire. Abokanka kyau suke dubawa, ni kuma ga abin da na sani. Duk lokacin da keke ke tsayawa nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau. Shi ya sa mai kulle tayar baya da ƙafa, kome gwanintarsa, kusan rabin ƙarfin tsayawar mai birkin gaba yake samu, a kwaltar da yashi ya rufe kuma abin ya fi haka muni. Ga cin taya: mai haƙora 48 da 16 wuri ɗaya tak tayarsa ke gogewa duk sanda ya ja ta, har ta huje, mai 17 a baya kuwa gogewar na rarrabuwa wuri 17. A Ingila doka ta ɗauki ƙafar mai fiksi a matsayin birkin baya, amma ta wajabta na gaba. A Fabrairun 2016 wani matashi ɗan shekara 18 a Landan, a kan keken tsere marar birkin gaba, ya buge wata mata tana tsallaka titi ta rasu, a 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Titunanmu kuma sun fi nasu yaran da ke fitowa daga lungu a guje, ga awaki. A wajen koyon ma birkin taimakonka zai yi, da shi za ka daidaita gudun kafin ka fara, hankalinka ya tafi kan feda kaɗai. In hannun dama ne kake dafa sirdi da shi, a mayar maka da birkin hagu.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba, amma zai same ka wata rana in ka hau ba ka mayar da maɗaurin ƙafa ba: ƙafafunka su zame daga feda kana cikin gudu, misali a gangare ko bayan ka faɗa rami. Fedoji za su ci gaba da juyawa da ƙarfi, zuciyarka kuma za ta ce ka mayar da ƙafa. Kada ka yi. Ka ware ƙafafun gefe sosai, ka zauna daram a sirdi, ka ja jiki ɗan baya, ka matsa birkin gaba a hankali kana ƙarawa, kada ka damƙe shi lokaci guda. Sai gudun ya sauko har kana iya bin feda ɗaya da ido, sannan ka ɗora ƙafa a kanta lokacin da ta haye sama za ta gangara gaba, ɗayar ta biyo baya.